Talhon bisa tebur

  Mu nan zafi ya kai mana iya wuya, da marece kuma hadari ya fara leƙowa daga gabas. Na san da yawa cikinku kun gama sharar gona, idonku na sama.

A watan nan zancenmu bisa talho ne. Ba salular da ke cikin aljihunku ba. Talhon buro nake nufi, mai igiya, wanda ake ajiyewa bisa tebur.

Na san wani zai ce: "Malam, ai wannan tsohon yayi ne. Wa ya damu da shi yanzu?" Gaskiya ne, tun da salula ta shigo ƙasar nan a 2001 ta bazu har rugage. Amma ka shiga ma'aikatar magajin gari, ko asibiti, ko banki, ko wani babban buron gwamnati. Za ka tarar da shi zaune bisa tebur. Kuma ku da kuka koyi karatu, ku ne ake ɗauka gadi, ku ne ƴan aike, ku ne ake zaɓa sakataren ƙungiya. Wata rana zai yi ƙara babu kowa kusa sai kai.

Abin da ya sa na ɗauko zancen ke nan. Akwai wani ɗalibina a ajin dare. Manomi ne daga wajen Doso, ya zo cin rani. Ya yi sa'a ya samu gadi a wani buro. Cikin makonsa na farko, da dare, talho ya yi ta ƙara. Ya ji tsoron taɓawa. Da ƙarar ta ƙi ƙarewa sai ya ɗauka, amma ya riƙe shi a juye, wajen baki a kunne, wajen kunne a baki. Bai ji komai ba sai wata ƴar murya can nesa. Ya ce "alo" sau uku, ya gaji, ya ajiye hannun talhon bisa tebur a gefe. Bai mai da shi mazauninsa ba. Ashe mai gidansa ne ke kira daga hanya, yana so a buɗe ma wata mota ƙofa. Mutumin ya yi ta sake kira har tsakar dare, layi a toshe. Motar ta kwana waje da kayanta. Da safe saura kaɗan a kore shi.

Da ya ba mu labari a aji kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba. Mutum mai iyali ne, kuɗin gadin nan da su zai sayi iri. Kuma laifin wa? Ba wanda ya taɓa nuna masa. Sai na aro wani tsohon talho da ya mutu, na kawo shi aji, na ajiye gaban allo. Muka yi dare biyu a kansa. Abin da muka koya shi ne zan ba ku.

Talhon tebur kashi biyu ne. Akwai gindi, mai lambobi, wanda ba ya motsi. Akwai hannu, wanda ake ɗagawa. Igiya mai lanƙwasa ta haɗa su. Ga alama mai sauƙi wadda ba za ka manta ba: inda igiyar ta shiga hannun, nan ne wajen baki. Ɗayan kan shi ne na kunne. Igiya ƙasa, ke nan.

A mazaunin hannun akwai wani ɗan harshe da ke lotsawa. Shi ne ƙofar layi. In ka ɗaga hannun, ƙofa ta buɗe. In ka mai da shi ya danne harshen, ƙofa ta rufe. In ka ajiye shi a karkace, ko bisa tebur kamar ɗalibina, kai kana ganin ka gama, amma duk mai kira zai tarar da layi a toshe. Saboda haka in ka ajiye, ka ɗan duba ko ya zauna daidai.

In za ka kira, ɗaga hannun tukuna ka saurara. In ka ji ƙara doguwa mai ɗorewa, layi na nan, buga lambarka. In ka gama bugawa ka ji ƙara gajera-gajera da sauri, mutumin na magana da wani. Ajiye, ka jira kaɗan. In ka ji ƙara mai tsawo tana yi tana hutawa, talhonsa na ƙara a can, yi haƙuri ya ɗauka. A wasu manyan buro sai ka danna wata lamba guda kafin ka samu layin waje. Ka tambayi sakatare wace ce. Tambaya ba kunya ba ce.

Lambar talho a Nijar ƙwaya 8 ce. Da can 6 ce, a 2006 aka ƙara. Lambar talhon tebur tana farawa da 20 ko 21. Ana rubuta ta biyu-biyu, gida huɗu, da ɗan fili tsakani. Ku ma ku rubuta ta haka cikin kayenku, ta fi sauƙin karantawa. Inda ƴan ajina suka fi yin kuskure shi ne 6 da 9, sai kuma 1 da 7. Sifili ma lamba ce, kar a tsallake ta. Lambar ƙasarmu 227, ta Najeriya 234. In za ka kira waje, sai ka fara da 00, sa'an nan lambar ƙasar. Amma kar ka kira waje da talhon buro sai an ba ka izini, don kuɗin na zuwa cikin takarda a ƙarshen wata, kuma ana iya gane lambar da aka kira.

Lambobi uku gajeru ne, ku hardace su kamar sunan ƴaƴanku. 17 ƴan sanda. 18 ƴan kwana-kwana, masu kashe gobara. 15 motar ɗaukar marar lafiya.

Wani dattijo a aji ya tambaye ni wanda ya ƙago wannan abu. Wani mutum ne a Amurka, sunansa Alexander Graham Bell, a 1876. A nan ƙasar, layukan tebur da can suna hannun gidan waya. A 1997 aka kafa Sonitel ta riƙe su. A 2016 gwamnati ta haɗa Sonitel da SahelCom suka zama Niger Telecoms. Wannan na tarihi ne, mu wuce.

Yanzu zancen wuya. A nan ni kaina na yi kuskure, ba sai na ba da labarin wani ba.

Wata shekara, lokacin buɗe aji, aka ce in karɓi sunayen sababbin ɗalibai ta talho. Sunayen na da yawa. Hannun dama na riƙe da bik, hannun hagu na danne takarda kar iskar fanka ta ɗauke. Sai na maƙale hannun talhon tsakanin kunne da kafaɗa, kamar yadda nake ganin manyan ma'aikata na yi. Har ina jin daɗi, wai ni ma na zama ɗan buro. Na fi rabin awa a haka. Washegari na tashi wuya ya ƙage. Kwana uku ba na iya waiwaye sai in juya jiki duka, kamar kura. Rubutu bisa allo ya gagare ni. Yara na unguwa suna ta kwaikwayona.

Da na je gidan likita, malamin ya tambaye ni abin da na ɗauka mai nauyi. Na ce ban ɗauki komai ba. Da na faɗa masa zancen talho sai ya ce ai ka ɗauka. Ya ce kan babban mutum ya kai kilo 5. Wato tiya biyu ta hatsi ke nan. In kai na tsaye daidai, ƙashin wuya ne ke ɗauke da shi, ba ka jin komai. In ka karkata shi gefe, ka kuma ɗaga kafaɗa ta tare shi, naman wuya na gefe guda ya takure, na ɗaya gefen ya miƙe fiye da ƙima. Ku masu noma da shanu kun san wannan. In karkiya ta zauna a karkace, kafin azahar sa ɗaya ya ji ciwo a wuya, ko da garmar ba ta da nauyi.

Galibi ciwon na wucewa. Amma mai yin haka kullum, shekara da shekaru, yana iya samun ciwon wuya da na kafaɗa da ciwon kai da ba sa rabuwa da shi. A 1999 likitoci a Faransa sun ba da labarin wani likita ɗan uwansu da ya yi fiye da awa guda da talho maƙale a kafaɗa. Jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta ji rauni a wuyansa. Ganinsa ya ɗauke na ɗan lokaci, magana ta yi masa wuya. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, ban kawo shi don in tsorata ku ba. Amma wuya ba maratayi ba ne.

Maganin abin ba ya cin ko dala. In da dama kake rubutu, ajiye talho a hagunka. Hagu ta riƙe talho, dama ta riƙe bik. In bahago ne kai, sai ka juya. Takarda kuma ka danne ta da ɗan dutse. Ka jawo talhon kusa, inda hannunka zai kai ba sai ka miƙe ko ka murɗa baya ba. Ka zauna sosai cikin kujera, ƙafafu a ƙasa. In maganar ta yi tsawo, ka sauya kunne. In dole sai ka nemo wata takarda da hannu biyu, ce ma mutumin: "Ina zuwa, kar ka kashe." Ka ajiye hannun talhon bisa tebur, ka nemo, ka dawo. A nan ajiyewa bisa tebur daidai ne, tunda ba ku gama ba.

Wasu talhon na da maɓalli mai fito da murya fili, kowa ya ji. Yana da amfani in kana rubutu mai yawa. Amma ka faɗa ma mai magana cewa akwai mutane, kar ya saki sirrinsa a kasuwa. Wanda kuma aikinsa ke nan wuni duka, amsa kira, ya roƙi a saya masa abin sawa a kunne mai ɗan bakin magana. Ya fi kuɗin magani araha.

Kar ka yi ihu. Mutanenmu na ganin in mutum na Zinder sai an ɗaga murya kafin ya ji. A'a. Yi magana kamar yana zaune gabanka, bakin talho kamar yatsa biyu daga leɓenka. Ihu na dagula murya ne kawai. Igiya kuma in ta murɗe ta dunƙule, riƙe ta daga wajen gindi, ka saki hannun ya yi lilo a hankali, za ta warware da kanta. Wadda ke zuwa bango a bi da ita ta gefen bango. In ta ratsa tsakar ɗaki, wata rana za ta harɗe ƙafar wani, shi da talhon su faɗi tare.

To, ga babbar magana, tunda damina na ƙofa. In ana tsawa, kar ka taɓa talho mai igiya.

Ga dalili. Igiyar da ke bayan talhon ba a bangon ɗakin ta tsaya ba. Ta fita waje, ta hau turaku, ta yi tafiya mai nisa. Ƙarfe ne a cikinta. In aradu ta faɗa bisa wayar, ko kusa da ita, ko da a wata unguwa ce, wutar na iya bin waya ta shigo har cikin hannun da ka manna a kunne. Ana samun wanda kunnensa ya lalace. Ana samun wanda ya ƙone. Ana samun wanda ya mutu. Kana cikin ɗaki, ƙofa a rufe, ba ruwan da ya taɓa ka, amma wayar ta haɗa ka da waje.

Ga ɗan lissafi, ku masu son lissafi. Haske ya fi ƙara sauri nesa ba kusa ba. In ka ga walƙiya, fara ƙirga a hankali, ɗaya, biyu, uku, har ka ji tsawar. Kowane sakan 3 kilomita 1 ne. In ka ƙirga 9, aradun na nisan kilomita 3. In ka ƙirga 3 kawai, tana bakin ƙofa. Amma kar lissafin ya ruɗe ka. Muddin kunnenka na jin tsawa, tana iya kai gare ka. Masana sun ce a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a koma. In talho ya yi ƙara cikin hadari, bar shi ya yi. Mai kira zai sake kira. In tsawa ta same ka kana magana, ce masa: "Hadari ya taso, sai an jima," ka ajiye. Ba rashin ladabi ba ne, ko da babban mutum ne.

In kana so ka cire igiyar daga bango don kare talhon, ka cire tun hadari na nesa, lokacin da iska mai ƙura ta fara. In an fara tsawa, lokaci ya wuce, kar ka je wajen.

Nan ɗalibaina suka yi mini gardama. Suka ce su sun ji salula ce ke jawo aradu. Ni dai na bincika, ba haka ba ne. Salula ba ta da igiyar da ta fita waje. In kana cikin ɗaki, kuma ba a jone take da caji ba, ka yi maganarka. Abin da ke kashe mutum a daji ba salular ba ce, inda ya tsaya ne. Makiyaya, da ku nake. Kar ka fake ƙarƙashin itace guda da ke tsaye shi kaɗai a fili. Kar ka hau tudu wai kana neman layi alhali ana walƙiya. Kar ka tsaya cikin ruwa, ko jikin shingen waya. Aradu abu mafi tsawo take nema. Na kauce daga zancen buro, amma rai ya fi buro.

Ko babu hadari, akwai ƴar wuta cikin layin talho. Ba daga bangon ɗaki take zuwa ba, daga gidan talho take. Ƙarfinta kamar volt 48 ne, lokacin ƙara kuma tana hawa kusan 90. Ta bango 220 ce. Wato ba ta kai ta bango ba, amma tana iya fizgar mutum. Kar ka feƙe wayar da haƙori, kar ka taɓa tsirarar waya da jiƙaƙƙen hannu. In ta tsinke, a kira mai gyara. Wannan wutar ce ke sa tsohon talho mai igiya yin aiki ko an ɗauke lantarki. Sababbin, waɗanda ake jonawa a bango ko a akwatin intanet, su kam in wuta ta tafi sun tafi. Mai gadi ya kamata ya san wane iri ne a buronsa tun kafin ranar buƙata.

In ka shiga ɗaki ka ji warin gas, kar ka ɗaga talho, kar ka kunna fitila. Buɗe ƙofa, fita, ka kira 18 daga waje.

Sai tsabta. Talhon buro kamar moɗar randa yake, kowa da bakinsa. Mai mura ya yi tari a ciki, kai ka zo ka manna. Cutar korona da ta shigo ƙasar nan a watan Maris na 2020 ta koya mana wanke hannu, kar mu yar da darasin. Sami ƙyalle mai tsabta, ka ɗan jiƙa shi da ruwan sabulu, ka matse sosai, ka goge wajen baki da wajen kunne da lambobi. Kar ka zuba ruwa a kai. Da hunturu ka rufe shi da ƙyalle in an tashi aiki, don ƙura na shiga ƙarƙashin lambobi su daina dannuwa. Kofin shayi kuma a ajiye shi nesa. Masu gadi, kun ji.

Abu na ƙarshe shi ne inda karatunku zai yi aiki. In ka ɗauka, fara da faɗin sunan wurin, mai kira ya san bai yi ɓatan kai ba. Ku gaisa, amma a taƙaice. Mu Hausawa in muka fara ina gida, ina yara, ina dabbobi, sai rana ta faɗi. Ni ma ina son gaisuwa, amma a talho gaisuwa kuɗi ce, kuma wani na jiran layin.

In wanda ake nema ba ya nan, ɗauki bik. Rubuta sunan mai kira, da lambarsa, da abin da yake so, da ƙarfe nawa ya kira. Sa'an nan ka karanta masa abin da ka rubuta, musamman lambar, biyu-biyu. In da faransanci ya faɗi lambar kuma ba ka gane ba, ce masa: "Don Allah faɗa mini ɗaya-ɗaya." Ba wanda zai yi fushi. Kar ka dogara da kai, wai za ka tuna. Saƙo uku in suka taru sai su cakuɗe.

Akwai kuma abin da ba a faɗa ma baƙuwar murya. Kar ka ce kai kaɗai ne a wurin. Kar ka faɗi inda mai gida yake kwana, ko ranar da ake kawo kuɗin albashi. In wani ya ce shi ma'aikacin banki ne ko na kamfanin waya, ka ba shi lambar sirrin kuɗinka, ƙarya yake. Ma'aikaci na gaske ba ya tambayar lambar sirri. Ce masa ya bar lambarsa, ka ajiye.

Kai kuma makiyayi, in ka zo gari ka roƙi a kira maka likitan dabbobi, shirya maganarka tun daga gida. Rubuta cikin kaye: sunan rugarka ko ƙauyen da ke kusa, dabba nawa suka kamu, tun yaushe, me ka gani a jikinsu, nawa suka mutu. Da wannan likita zai san maganin da zai ɗauko. In ka ce kawai "shanuna ba su da lafiya," zai zo hannu wofi, ya koma, kwana biyu sun tafi. Haka ma manomi in ya ga fara ko tsutsa a gona zai kira malamin gona.

Ɗalibin nan nawa bai rasa aikinsa ba. Yanzu akwai kaye da bik ɗaure da zare kusa da talhon, shi ya saya da kuɗinsa. Makon jiya ya kawo mini in duba. Saƙo goma sha ɗaya na tarar a ciki. Ɗaya kawai ya yi kuskure, ya sa 9 a wurin 6. Ya ce da an yi ruwan shuka zai koma gida, ƙanensa zai riƙe masa gadin, kuma ya riga ya nuna masa inda igiya take shiga.

Ga aikin gida. Kowa ya nemi lambar gidan likita mafi kusa da shi, da ta likitan dabbobi ko malamin gona, ya rubuta su biyu-biyu a shafin farko na kayensa, ya kai ma malamin ajinsu ya duba. Wata mai zuwa za mu yi zancen karanta kwanan wata a jikin kwalin magani.